Masu Tayar da Tsofaffin Kwamfutoci

Duk wanda ya daɗe a harkar tsofaffin kwamfutoci, abu na farko da zai gaya wa sabon shiga shi ne kada ya kuskura ya jona wa inji wuta ranar da ya samo shi. Kwamfutar da ta yi shekara 30 a ɗakin tarkace tana iya kasancewa lafiyarta ƙalau, garajen minti ɗaya ya kashe ta. Kwance ta ake fara yi, a ware akwatin wutarta a gwada shi da mita shi kaɗai, a tabbatar layin da ya kamata ya ba da bolt 5 bai haura ba. Commodore 64 ta yi ƙaurin suna a nan. An cika akwatin wutarta da wani danƙo mai daskarewa, ba ya buɗuwa balle a gyara, kuma idan ya tsufa sai wutar ta yi sama ta ƙone ƙwaƙwalwar injin ba tare da ko hayaƙi ya tashi ba. Shi ya sa masu hankali suke ajiye tsohon akwatin don tarihi kawai, su sayi sabo su yi aiki da shi.

Wannan sana'a ta fi ƙarfi a Amurka da Ingila da Jamus da Japan, wato ƙasashen da kwamfuta ta fara shiga gidajen talakawa. Can akwai mai tarawa don sha'awa, akwai dillali mai saye ya sayar, akwai kuma mai gyara wanda ake aiko wa da injuna ta gidan waya daga garuruwa masu nisa. Sau da yawa mutum ɗaya ne yake haɗa ukun, don ba a daɗewa ana tarawa sai an koyi riƙe ƙarfen dalma. Suna da bukukuwansu, irin Vintage Computer Festival da aka fara a Kalifoniya a 1997, inda kowa ke kawo abin da ya tayar ya kunna wa jama'a. Kasuwarsu kuwa eBay ce, da gwanjon kayan mamata, da makarantu da ofisoshin da suke kwashe ɗakunan ajiyarsu, da lungunan unguwar Akihabara a Tokyo.

Wanda yake son ya gane abin da ke juya wannan kasuwa, ya dubi shekarun masu saye. Altair 8800 ta fito a farkon 1975, a warwatse ake sayar da ita, mai saye ya harhaɗa da kansa. A 1977 Apple II da Commodore PET da TRS-80 suka shigo kasuwa. IBM ta kawo tata a watan Agusta na 1981 a kan dala 1,565, da ƙwaƙwalwa mai kilobayit 16 kacal. Shekarar 1982 ta zo da Commodore 64 a Amurka da ZX Spectrum a Ingila, Macintosh ta biyo baya a 1984, Amiga a 1985. Yaran da aka saya wa waɗannan injuna, ko waɗanda suka riƙa leƙen su a shago ba halin saye, yanzu sun ba 50 baya, suna da abin hannunsu. Kewar ƙuruciya ce take fito da kuɗin daga aljihu. Shi ya sa farashi yake tafiya da zamani: da ana rububin injunan shekarun 1980, yanzu an fara waiwayar na ƙarshen shekarun 1990, masu Windows 95 da 98, waɗanda ba da daɗewa ba kyauta ake roƙon mutum ya kwashe.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a sana'ar shi ne aikin da ake yi a kan teburin gyara.

Idan aka buɗe murfi, wurin da ido ke fara zuwa shi ne batir. Kwamfutoci da yawa suna da ɗan ƙaramin batir mai riƙe musu agogo da kwanan wata idan an kashe su. A injuna irin Amiga 2000 da 3000 da 4000, da yawancin masu 386 da 486, wani batir ne mai siffar ƙaramar ganga da aka liƙa a jikin fanel da dalma. Bayan shekaru sai ya fara yoyo. Ruwan nasa yana bin siraran hanyoyin jan ƙarfen da ke shimfiɗe a jikin fanel, yana cin su a hankali, yana shiga ƙarƙashin ayisi, yana barin wani ɓawo mai launin kore-kore. A tsofaffin Macintosh kuma wani batir ne daban wanda kan fashe gaba ɗaya, ya watsa tsatsa har jikin ƙarfen da ke riƙe da injin. Mai gyara zai yanke batirin ya jefar, ya shafa ruwan khal a wurin don ya kashe kaifin abin da ya zuba, ya wanke da sifirit da buroshi mai laushi, ya bar shi ya bushe. Daga nan aikin haƙuri ya fara. Zai sa gilashin ƙara girma, ya ɗora bakin mita a wannan ƙarshen hanya da wancan, yana jiran ƙarar da ke nuna hanyar ba ta yanke ba. Inda mita ta yi shiru, sai ya kankare fentin da ke sama da bakin reza, ya ɗauko waya siririya ya ɗinke wurin da dalma. Fanel ɗaya yana iya cin mako guda ana bin hanyoyinsa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan batir sai kafasita. Su ma ruwa ne a cikinsu, kuma ba a yi su don su kai shekara 40 ba. Macintosh SE/30 ta 1989 da Amiga 600 da 1200 suna da ƙananan kafasitoci masu hular azurfa waɗanda kusan duk sun zube yanzu. Alamar ita ce sauti ya dusashe, ko allo ya cika da zane-zane maimakon rubutu, kuma da zarar ƙarfen dalma mai zafi ya taɓa wurin sai ƙarnin kifi ya tashi. Cire su yana buƙatar hannu mai sanyi, domin ɗan filin jan ƙarfen da suke zaune a kai ya riga ya yi laushi, ja kaɗan zai ɓalle shi. Akwai kuma wata kafasita ta kamfanin RIFA a cikin akwatunan wutar BBC Micro da Apple II da wasunsu, mai jikin roba garai-garai wanda kan tsattsage da tsufa. Idan danshi ya shige ta, ana kunna inji sai ta fashe da ƙara, ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi mai wari. Ba ta cika lalata sauran kaya ba, amma ba mai gyaran da zai bar ta a ciki.

Monita mai doro kuwa ba wurin koyon aiki ba ne. Kwalbarta tana aiki da dubban bolt, masu launi har sukan haura 20,000, kuma tana iya riƙe wuta bayan an zare soket. Sai an sauke wannan wutar ta hanyar da ta dace kafin a kai hannu ciki. An daina ƙera irin waɗannan allunan, saboda haka kowace ɗaya da ta fashe ta tafi ke nan, kuma masu wasannin kwamfuta da suka san yadda hoto yake fita a kansu suna neman su ruwa a jallo.

Sassan da ke motsi su ne suka fi saurin gajiya. Bel ɗin robar da ke juya faifai a wasu injunan Amstrad yakan narke ya koma baƙin danƙo, sai an kankare shi a sa sabo. Man da aka shafa wa ƙarafa ya daskare. Rumbun ajiya na ciki, wanda ke juyi, wani lokacin kansa ya manne da faifan ya ƙi tashi. A nan masu sana'ar suka yi dabara: sun ƙera ƙananan na'urori da ke yaudarar tsohuwar kwamfuta ta ɗauka tsohon kayanta ne a ciki. Gotek yana zama a gurbin mai karanta diskit amma filashi ake soka masa. BlueSCSI yana maye gurbin rumbun tsohuwar Macintosh da katin memori irin na waya. Tun da Sony, wanda ya fi kowa yin diskit, ya daina ƙera shi a 2011, waɗannan na'urori ne suka hana injuna da yawa komawa kayan ado.

Inda ake jayayya shi ne gyaran jiki. Farar robar tsofaffin kwamfutoci takan rine ta koma ruwan ƙwai saboda rana da zafi. Wajen 2008 wasu masu sha'awa suka yaɗa hanyar mayar da ita fara, ana shafa mata sinadarin haidirojin ferokzayid a shanya a rana ko ƙarƙashin fitila ta musamman. Tana yin fari kuwa, amma sau da yawa launin yana dawowa bayan wasu shekaru, kuma idan hannu bai ƙware ba sai jikin ya yi dabbare-dabbare. Ni dai ina bayan masu cewa a wanke da sabulu a bar inji da launin shekarunsa. Abin da zai ci fanel a cire shi ba tare da jinkiri ba, amma abin da ba ya cutarwa a ƙyale shi. Nagartaccen mai gyara kuma ba ya yar da abin da ya cire idan injin mai daraja ne: zai zuba tsofaffin sassan a 'yar leda, ya rubuta abin da ya sauya da ranar da ya sauya, ya haɗa wa mai shi.

To, batun kuɗi fa? Labarin da kowa ya sani shi ne na Apple I, wadda Steve Wozniak ya tsara, shi da Steve Jobs suka sayar a 1976 a kan dala 666.66. Kimanin 200 aka yi, kuma fanel ne tsirara, mai saye shi zai nemo kibod da talabijin da akwatin da zai sa ta. A watan Oktoba na 2014 gidan gwanjo na Bonhams a New York ya sayar da guda ɗaya mai aiki a kan dala 905,000, gidan tarihi na Henry Ford da ke jihar Michigan ya saya. A 2015 wata mata ta kai akwatunan tarkacen mijinta da ya rasu wani wurin karɓar tsofaffin kayan lantarki a Milpitas ta Kalifoniya, ta tafi ba ta bar suna ba. Da aka buɗe sai ga Apple I a ciki. An sayar da ita dala 200,000, kamfanin ya shiga cigiyar matar don ya ba ta rabi.

Irin waɗannan labarai suna sa mutum ya ɗauka duk tsohon inji dukiya ne, alhali ba haka abin yake ba. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Commodore 64 an sayar da sama da miliyan 12, saboda haka duk da son da ake yi mata kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙaranci, da matsayin injin a tarihi, da cikar kayansa. Apple Lisa ta fito a 1983 a kan dala 9,995, kasuwa ta ƙi ta, har a 1989 aka binne kimanin 2,700 da ba a sayar ba a wani juji a garin Logan na jihar Utah. Rashin kasuwar da ya kashe ta jiya shi ne ya mayar da samfurinta na farko abin nema yau. Inji da kwalinsa na asali da littafin bayaninsa da faifansa da kibod ɗin da ya zo da shi ya fi tsiraransa daraja nesa ba kusa ba. Takardar da ke nuna hannun da ya bi, wane ne ya fara saye, a wane ofis ya yi aiki, ita ma kuɗi ce. Wani lokacin ma ɗan abin da ke ciki ko wanda ya zo tare da shi ya fi injin duka tsada: katin hoto na 3dfx Voodoo, katin sauti na Gravis UltraSound, ko kibod ɗin IBM Model M mai nauyi da ƙara, wanda har gobe wasu marubuta ba sa yarda su yi rubutu da waninsa.

Inda kuɗi ya shiga, algus ma yana shiga. Ana ƙera kwafin fanel ɗin Apple I da sai masani zai bambance, ana goge lambar ayisi mai araha a buga ta mai tsada, ana tallar mataccen inji da cewa ba a gwada shi ba alhali an gwada an ga ba ya tashi. Gogaggen mai saye yana neman hoton cikin inji kafin na waje, musamman kewayen batir, kuma duk abin da aka ce ba a gwada ba, kuɗin matacce yake taya shi. Sannan ga wahalar aikawa. Robar da ta shekara 35 ta yi gautsi, monita kuma nauyi gare ta, injuna da yawa da suka tsira daga tsatsa a hanyar zuwa gidan sabon mai su suka farfashe.

Akwai wani ɓangare na aikin da ya wuce sha'awa da ciniki, shi ne ceto abin da ke cikin faifai. A 1985 mai zane Andy Warhol ya yi wasu zane-zane a kan Amiga, suka zauna a diskit kusan shekara 30 ba mai iya buɗewa, sai a 2014 aka sanar cewa ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon ta fito da su. A Ingila BBC ta tattara hotuna da bayanan rayuwar ƙasar a 1986, da hannun ɗaliban makarantu masu ɗimbin yawa, aka zuba a wasu manyan faya-fayai na musamman. Ba a cika shekara 20 ba injunan da ke karanta su suka kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aikin ceto. Takarda ko ta tsufa ido yana karanta ta, amma faifai ba ya magana sai da injinsa. Masu wannan aiki suna da na'urori irin KryoFlux da Greaseweazle da ke kwafe maganaɗisun faifai kai tsaye, har wanda ya fara lalacewa, kuma sukan duba kowane diskit da ido kafin su saka, domin mai fumfuna yana ɓata kan na'urar ya kuma karce na bayansa.

A nan ne zancen ya iso gida. Tun shekarun 1990 kwantenoni suke sauke tsofaffin kwamfutocin Turai da Amurka a Legas, su bi ta Alaba da kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wasu su gangaro har titin Beirut a Kano. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga ciki ya gano cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ne ke shigowa Nijeriya a shekara, kuma sama da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki. Mafi yawan kwamfutocin da ke cikin wannan kaya injunan ofis ne na gama-gari, kada kowa ya ruɗi kansa cewa Pentium 4 ɗin da ke ƙarƙashin gadonsa zai saya masa fili. Amma a cikin tarin akan samu na kirki, kuma duk hanyarsu ɗaya ce: ɗan jari-bola ya saya, ya kai wa 'yan gwangwan, a sa guduma. Ƙarfe gefe guda, jar waya gefe guda, fanel a auna a kilo, tsofaffin furosesa masu jikin tangaran irin 486 da Pentium Pro a ware su saboda ɗan zinaren da ke ƙafafunsu. Ban ga laifin mai neman abincinsa ba. Sai dai kibod ko katin da aka farfasa don 'yan nairori, da an san shi da ya kawo ninkin haka sau da yawa, kuma da ba a shaƙi hayaƙin ƙona waya da ƙurar gilashin monita mai dalma ba.

Hannun da zai yi wannan gyara muna da shi. Yaran da ke cire ayisin waya a ƙarƙashin madubi a kasuwar Farm Centre ta Kano suna aikin da ya fi na fanel ɗin 1985 ƙanƙanta, tsofaffin masu gyaran rediyo da talabijin kuwa sun san monita mai doro ciki da bai. Abin da za a ƙara shi ne sanin wane inji ne wane, da kiyaye abubuwan da suka shafi ƙasarmu. Injin Amurka an yi shi don bolt 120, namu 230 ne, sai an duba bayansa ko a sa taransifoma mai rage wuta. Lokacin hunturu, sanda jiki ke tara wutar da kan ɗan ja mutum idan ya taɓa ƙarfe, taɓa ayisi da hannu kawai yana iya kashe shi. Bushewar iskar Arewa tana rage tsatsa da fumfuna, amma zafin ɗakin kwano yana busar da kafasita, ɓera da kyankyaso kuma ba sa raga wa waya.

Wanda ya ci karo da inji mai rubutun Larabci a kibod da sunan Sakhr a jiki, ya riƙe shi da kyau. Kamfanin Al-Alamiah na Kuwait, ƙarƙashin Muhammad al-Sharikh, shi ya fito da su a shekarun 1980 tare da kamfanonin Japan irin Yamaha da Sanyo, kuma a kansu yaran ƙasashen Larabawa da yawa suka fara ganin harshensu da manhajar Alƙur'ani a allon kwamfuta.

Abin da ya fi damuna shi ne namu rubutun. Littattafan adabin kasuwar Kano da yawa a shagunan buga takardu aka buga su, haka kundayen digiri, da labaran jaridu, da rubutun finafinan farko na Kannywood, da lissafin 'yan kasuwa. Wasu suna nan a diskit da rumbunan injunan da aka jibge a sito. Ko an samu fayil ɗin ma da sauran aiki, domin kafin haruffa masu ƙugiya su samu gurbinsu a kowace kwamfuta, da salon rubutu na musamman ake buga su, irin Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Idan aka buɗe irin wannan fayil a sabon inji da ba shi da salon, inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai wasu alamomi su fito. Ceto rubutun yana buƙatar a ceto salon tare da shi, kuma tsohon injin da aka yi aikin a kansa shi ne wurin da ya fi dacewa a neme shi.

Saboda haka ina kira ga jami'o'inmu da gidajen jarida da na rediyo da maɗaba'u, da cibiyoyi irin Arewa House a Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano, su ware ɗaki guda da injuna biyu ko uku masu aiki na zamani daban-daban, da ma'aikaci ɗaya da ya iya kula da su, inda marubuci ko magadansa za su kawo faifai a kwafe musu. Kai kuma mai karatu, idan akwai tsohuwar kwamfutar mahaifinka ko ta ofishinku a ajiye, ka nemi mai gyara ya cire mata batir, ka tattara diskit ɗin a wuri mai sanyi nesa da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu, kuma kada ka bari a ɗora ta a sikeli kafin a kwafe abin da ke cikinta.